Darasin Masu Hidimar Al'umma A Makarantunmu: Kira Ga Malamai Da Iyayen Yara A Rigachikun

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wani darasi da ake koyar da ƙananan yara a azuzuwan nazare da farkon firamare, a ƙarƙashin ilimin zamantakewa, wanda yake magana a kan mutanen da gari ya dogara da aikinsu. Da yawa daga cikin malamai suna ɗaukarsa ƙaramin abu. A yi mako guda ana rera sunaye huɗu ko biyar da Turanci, wato likita da ɗan sanda da ɗan kwana-kwana da mai raba wasiƙa, yara su haddace, a tambaye su ranar jarrabawa, shi ke nan an wuce wurin. Ra'ayina shi ne wannan darasi yana daga cikin mafi nauyin abin da ake sanya wa yaro a zuciya, domin a cikinsa ne ake fara gaya masa wane ne mai daraja a cikin mutane. Yadda ake gudanar da shi a yawancin makarantunmu na Rigachikun da kewaye yana buƙatar gyara, kuma gyaran yana hannunmu, ba ya jiran kuɗin gwamnati.

ABIN DA KE CIKIN LITTAFI DA ABIN DA KE BAKIN TITI

Mai karatu ya dubi safiyar yaro ɗan shekara shida a wannan gari. Ruwan da ya yi alwala da wanka da shi, a gidaje masu yawa, ɗan garuwa ne ya turo shi. Kokon da ya sha da ƙosan da ya ci, wata baiwar Allah ce ta tashi tun kafin kiran assalatu ta dama ta soya. Rigar makarantar da ya sa, tela ne ya ɗinka. Ɗan acaɓa ko mai keke ya ɗauke shi, ko kuwa wani babba ya riƙe hannunsa ya tsallakar da shi babban titin Kaduna zuwa Zariya, titin da tireloli da tankokin mai masu zuwa Kano da masu karyawa ta Mararrabar Jos ba sa yankewa a kansa dare da rana. A ƙofar makaranta mai gadi ya karɓe shi. Ajin da ya shiga wani ya share shi, bencin da ya zauna a kai kafinta ne ya haɗa shi. In aka koma baya kaɗan, ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ce ta karɓi haihuwarsa, wanzami ya yi masa askin suna, liman ya yi masa addu'a. In aka duba gaba kuma, akwai masu wankan gawa da masu haƙar kabari, waɗanda babu ɗayanmu da zai kuɓuta daga buƙatarsu.

Kafin ƙarfe takwas na safe, hannun mutum kusan goma ya taɓa rayuwar wannan yaro. Sai ya buɗe littafi, ya tarar babu ko ɗaya daga cikinsu. Abin da zai gani shi ne hoton wani mutum da jaka a kafaɗa yana jefa wasiƙa a ƙofar gida, alhali mu a nan akwatin gidan waya muka sani, shi ma wayar hannu ta rage masa kasuwa. Irin waɗannan littattafai an kwaikwayo tsarinsu ne daga ƙasashen Turai da Amurka, inda jerin ya dace da abin da yaro yake gani ta tagar gidansu. Su sun rubuta wa 'ya'yansu gaskiyar garinsu. Laifin namu ne da muka ɗauko jerin wani gari muka ɗora wa namu yaran ba tare da mun waiwayi unguwarmu ba.

Yaro kuwa ba ya rasa fahimtar saƙon da ba a furta ba. Abin da zai tattara shi ne, mai amfani ga jama'a shi ne mai kaki ko farar riga, mai ofis, mai suna da Turanci. To, ɗan mai garuwar nan yana zaune a cikin ajin, ɗiyar mai ƙosan nan tana kusa da shi. Mun gaya musu, ba da baki ba, cewa iyayensu ba sa cikin lissafi.

ASALIN AL'AMARIN A WAJEN MALAMANMU

Wanda ya yi zaton wannan darasi baƙo ne a Musulunci, to bai leƙa babin faralin kifaya ba. Malaman fiƙihu sun kasa wajibi gida biyu. Akwai faralin aini, wanda yake kan kowane baligi a ƙashin kansa, kamar salloli biyar da azumin Ramalana. Akwai kuma faralin kifaya, wanda yake kan jama'a baki ɗaya, in wasu suka tsayu da shi ya faɗi daga kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Misalin da aka fi kawo wa ɗalibai shi ne wankan mamaci da yi masa salla da binne shi, amma malamai ba su tsaya nan ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa likitanci da ilimin lissafi a cikin faralin kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya haɗa da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki, har da ƙaho. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728, ya tafi a kan haka a risalarsa ta Hisba, inda ya bayyana cewa noma da saƙa da gini wajibi ne a kan al'umma, tun da maslahar mutane ba ta cika sai da su. Ibnu Haldun kuma, a cikin Muƙaddima, ya kafa hujjar cewa mutum ba ya iya rayuwa shi kaɗai ta hanyar bin sawun abincin yini guda, ya nuna yadda niƙa da kwaɓi da gashi kowanne yake buƙatar kayan aikin da sai maƙeri da masassaƙi da maginin tukwane sun sa hannu. Ya kuma sanya aikin ungozoma a cikin sana'o'i masu daraja.

A ƙasarmu ma ba a bar mu a baya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje nasiha a kan tushen shugabanci, kuma daga cikin abin da ya ɗora wa shugaba akwai kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, da tabbatar da cewa kowane gari ya samu rabonsa daga cikinsu. Tsarin sarautunmu na gargajiya shi ma shaida ne, domin ba a banza aka naɗa Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Aska da Sarkin Noma ba.

Sama da wannan duka akwai shiriyar Manzon Allah (S.A.W.). Ya inganta a cikin Buhari da Muslim cewa akwai mai share masallacinsa da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar dai an ƙanƙanta al'amarinta. Da ya neme ta bai gan ta ba, ya tambaya, ya nuna rashin jin daɗinsa, ya sa aka kai shi kabarinta ya yi mata salla. Ya inganta cewa shi da kansa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada, cewa Annabi Dawuda (A.S.) daga aikin hannunsa yake ci, kuma Annabi Zakariyya (A.S.) kafinta ne. Abu Ɗaiba ya yi masa ƙaho ya biya shi ladansa. Ɗansa Ibrahim a gidan maƙeri aka raine shi. Da aka ji wa Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) rauni a yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira, a tantin Rufaida (R.A.) aka kwantar da shi, matar da ta ba da kanta ga jinyar masu rauni. Wanda yake da irin wannan taska a gidansu, me zai kai shi aron hoton mai raba wasiƙa?

ABIN DA MUKE ASARA

Asara ta farko ita ce raina sana'a. Kowa ya san yadda har yau a wasu gidaje ake hana aure don an ce mai nema ɗan mahauta ne ko ɗan wanzamai, ko da kuwa addininsa da halinsa ba su da abin zargi. Wannan alfahari ne da asali, kuma yana daga cikin ragowar jahiliyya da Musulunci ya zo ya rushe. Reshensa na zamani shi ne saurayin da ya gama sakandare ko ya ɗauko difloma, ya gwammace ya shekara biyar a majalisar bakin titi yana jiran aikin ofis da ya tsuguna gaban bakanike ko mai walda ya koyi abin da zai riƙe kansa. Ba ranar da ya karɓi takardar shaida wannan girman kai ya shige shi ba. An dasa shi tun yana aji ɗaya, ranar da malami ya daka masa tsawa ya ce in bai yi karatu ba a turin baro zai ƙare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mu ne muka tanƙwara shi ta wannan fuska.

Asara ta biyu ita ce yankewar amana tsakanin jama'a da masu yi musu hidima, musamman ma'aikatan lafiya. Ba mu manta ba cewa a shekarar 2003 an dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa saboda zargi da tsoro, kuma cutar ta sami damar yaɗuwa ta nakasa yara. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. A watan Agusta na 2020 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta, kuma Nijeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka jira. Su wa suka ɗauki wannan nauyi? Mata ne masu yawo gida gida cikin rana da akwatin ƙanƙara a hannu, da masu unguwanni da suka shige musu gaba, da sarakuna da malamai da suka yi wa jama'a bayani. Babu mai cewa darasin aji zai tare harsashi. Amma yaron da aka zaunar da ma'aikaciyar lafiya a gabansa, ta nuna masa abin da ke cikin akwatinta, ya ji malaminsa ya gaishe ta da girmamawa, zai yi wuya ya girma ya zama uban da zai rufe mata ƙofa saboda jita-jita.

Asara ta uku ta shafi ran yaron kansa. Muna zaune a Ƙaramar Hukumar Igabi, inda a watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai 39 daga kwalejin koyon aikin gandun daji da ke Afaka. A watan Maris na 2024 kuma aka kwashe yaran makaranta a Kuriga, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Ko ba a kai ga wannan ba, akwai ɓatan yara a kasuwa da tasha, da gobarar hunturu, da haɗarin babban titi. Yaron da bai san cikakken sunan mahaifinsa ba, bai san sunan unguwarsu ba, bai san gidan mai unguwa ba, bai san wanda zai ruga wurinsa in ya ga hayaƙi ko ya ga baƙon fuska yana kiransa ba, an bar shi ba kariya, ko da ya iya rera sunayen ma'aikata goma da Turanci.

AMSA GA MASU UZURI

Wani ɗan'uwa zai ce jadawalin Islamiyya ya cika da Alƙur'ani da hadisi da tauhidi da fiƙihu da sira da Larabci, ina za a sa wani sabon darasi? Amsa ita ce ba a buƙatar sabon gurbi, domin darasin yana kwance a cikin waɗannan fannoni. Yaranmu suna haddace Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi, kuma hadisi na 26 yana lissafa taimaka wa mutum da kayansa da kawar da ƙazanta daga hanya a cikin sadaka. Me zai hana malami, bayan hadda, ya tambayi yara wa suka sani a unguwarsu da wannan ne aikinsa kullum? A babin tsarki ana maganar ruwa, sai a tambayi wa ya kawo shi. A babin jana'iza ana ambaton faralin kifaya, sai a faɗaɗa. A sira ga Rufaida, ga Habbabu ɗan Aratti (R.A.) maƙeri. A Larabci yaro ya koyi cewa najjar shi ne kafinta, haddad shi ne maƙeri, ɗabib shi ne likita. Haddar da ba a ɗaura ta da rayuwa ba takan tsaya a fatar baki.

Wani kuma zai ce, yaya za mu gaya wa yaro ɗan sanda mai tsaron jama'a ne alhali yana iya ganin wani yana karɓar na goro a hannun direba? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba a amsa ta da yi wa yaro ƙarya. Abin da ya kamata shi ne a rarrabe tsakanin aiki da mai riƙe da shi. Ɗan shekara biyar ko shida a koya masa abin da aka kafa aikin dominsa. In ya kai takwas ko tara a shigo da maganar amana da ha'inci, a nuna masa cewa kowace sana'a tana da mai tsoron Allah da mai cin amana. Akwai telan da yake saɓa alkawarin ɗinkin Salla, akwai mai awon da yake tauye mudu, wanda Allah Ya saukar da sura guda da ta buɗe da yi wa irinsa narko, akwai kuma ma'aikacin da yake karɓar rashawa. Yaron da ya san yadda aiki ya kamata ya kasance shi ne zai gane ɓarna in ya gan ta, kuma shi ake fata zai gyara in ya riƙe aikin gobe.

Haka nan girmama mai sana'a ba ya nufin amincewa da duk al'adar da ta manne wa sana'ar. Muna girmama wanzami, kuma muna gaya masa cewa askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba tana iya ɗaukar ciwon hanta ta kai wa wani. Muna girmama ungozoma, kuma ungozoma ta gari ita ce wadda in naƙuda ta yi tsawo ko jini ya ɓalle take cewa a tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Boka da mai duba kuwa ba sa cikin wannan jeri ko kaɗan, domin ma'aunin shi ne amfani na halal.

Akwai kuma iyaye masu cewa sun biya kuɗin makaranta ne don yaro ya ji Turanci. Babu mai hana shi Turanci. Amma ma'ana ita ce gaba, suna ya biyo baya. A yi bayanin da Hausa, harshen da yaro yake tunani da shi, har ya iya ba da labarin aikin maƙeri da bakinsa, sa'an nan a ba shi sunan da Turanci da Larabci. Kalmar da ta sauka a kan abin da aka fahimta ba ta saurin gudu.

Game da 'ya'ya mata, sai mu ji tsoron Allah mu yi wa kanmu adalci. Muna kukan cewa matanmu suna zuwa awo da haihuwa su tarar da likita namiji, amma wa zai ba da 'yarsa ta yi karatun? In likita mace da ma'aikaciyar jinya da ungozoma mai ilimi faralin kifaya ne, to laifin rashinsu yana kan wuyanmu duka. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, ta riƙa tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Yarinyar aji biyu ta cancanci ta ji wannan tarihi, ta kuma ga mace cikin hijabinta tana aikin lafiya ko koyarwa, don ta san ƙofar a buɗe take.

YADDA ZA A GUDANAR DA DARASIN

Na farko, malami ya fara da tambaya kafin ya buɗe littafi: wa ya taimake ka tun da ka farka yau? Duk sunan da yaro ya ambata a rubuta shi a allo, kada a tsallake ko ɗaya, kada a bari a yi wa wani dariya. Daga nan sai a ƙara waɗanda yara ba su cika gani ba amma suna buƙatar saninsu, kamar 'yan kwana-kwana, da jami'an kiyaye haɗurra, da 'yan sintiri, da 'yan agajin da ke tsare sahu a filin Idi da sansanin alhazai na Mando.

Na biyu, a bi sawun abu ɗaya. A ɗauki malmalar tuwo, a koma da ita baya: uwar da ta tuƙa, mai itace ko gawayi, ɗan garuwa, mai injin niƙa, mai awo a kasuwa, direban da ya ɗauko buhun, manomin da ya shuka masarar, maƙerin da ya ƙera masa fartanya. Sai a tambayi yara, in aka cire mutum ɗaya daga wannan sarƙa me zai faru? Da wannan tambaya ɗan shekara bakwai zai fahimci faralin kifaya kafin ya iya furta sunansa.

Na uku, a gayyato masu aikin da kansu, ko sau biyu ne a zango. A fara da iyayen yaran ajin. A ba baƙo kujera, malami ya miƙe ya gabatar da shi da sunan girmamawa, yara su gaishe shi, ya nuna kayan aikinsa ya faɗi wahalar da ke ciki, a kuma ba shi ɗan abin da zai rage masa asarar lokacin da ya bari. Kayan aiki na gaske, irin su awon tela da guduma da ma'aunin zafin jiki, sun fi hoto tasiri, kuma sun hutar da makarantun da suke ƙyamar zanen abu mai rai. Abu mai kaifi ko mai zafi ya tsaya a hannun mai shi.

Na huɗu, a fita da yara ƙungiya ƙungiya, da izinin iyaye da rakiyar manya, zuwa wurin da ƙafa za ta kai: asibitin unguwa, ko shagon kafinta, ko ƙofar mai unguwa. Manyan azuzuwa kuwa ga filin baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna a bakin garinmu, inda mutane suke tahowa daga nesa su ga abin da hannu ya ƙera, ga kuma tsohon layin dogo da ya ratsa nan ya isa Kano tun 1911, wanda dubban leburori suka shimfiɗa shi da gatari da kwando.

Na biyar, a yi wasan kwaikwayo a aji, amma a riƙa juya matsayi. Wanda ya zama likita yau ya riƙe tsintsiya gobe. A nan ina roƙon malamai su sake duba al'adar mayar da shara da wankin bayi horon mai laifi. Muddin tsintsiya bulala ce a makaranta, yaro ba zai taɓa ganin mai shara da mutunci ba. A mayar da ita aikin kowa bi da bi, malami ma ya ɗauka wata rana, a tuna musu da matar da ke share masallacin Manzon Allah (S.A.W.).

Na shida, kowane yaro ya haddace cikakken sunansa da na mahaifinsa, da sunan unguwarsu, da lambar wayar ɗaya daga cikin iyayensa, da lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa, wato 112. A koya masa cewa ba ya bin kowa daga makaranta, ko da mai kaki ne, sai da sanin malaminsa, kuma ba ya tsallaka babban titi sai da babba.

Na bakwai, kada a auna darasin da takarda kaɗai. A duba ko yaro ya fara ce wa mai gadi ina kwana, ko yana ce wa ɗan garuwa sannu da aiki, ko ya daina kiran almajirin da ke yi musu wanke-wanke da kai yaro. Wannan ita ce jarrabawar gaskiya, kuma iyaye ne za su ba da makinta.

KIRA NA ƘARSHE

Allah Ya yi wa Rigachikun wata baiwa da sauran garuruwa ba su samu ba. Hedikwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato N.T.I., wadda aka kafa a 1976 don samar da malaman da shirin ilimin firamare na bai ɗaya ya buƙata, a nan take a bakin titinmu, kuma daga nan take horar da malamai a duk faɗin Nijeriya ta hanyar karatu daga nesa. Bai dace a ce garin da ake koyar da dabarun koyarwa a cikinsa, yaransa suna rera jerin sunayen da ba su san masu su ba. Ina kira ga shugabannin makarantunmu, na boko da na Islamiyya, su haɗa kai su nemi shawarar masana da ke maƙwabtaka da su, su tsara ɗan ƙaramin littafi da Hausa a kan masu hidimar wannan gari. Ina kira ga hakimi da dagatai da masu unguwanni su ba da ƙofa in makaranta ta nemi ziyara. Kwamitocin iyaye da malamai kuma su sa wannan magana a ajandar zamansu na gaba.

Iyaye kuwa su sani cewa abin da malami ya gina a awa guda, kalma ɗaya a gida tana iya rushe shi. Uban da yake yi wa ɗan garuwa tsawa a kan naira hamsin a gaban 'ya'yansa, da uwar da take jinkirta ladan mai wanki ba dalili, sun riga sun koyar da nasu darasin. Abin da babba ya yi shi yaro yake ɗauka, kuma kowannenmu makiyayi ne da za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo.

Muna roƙon Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya su masu amfani ga addininsu da al'ummarsu, Ya saka wa duk mai yi wa Musulmi hidima da alheri, na sarari da na ɓoye, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.